Kaduna Garin Gwamna: Tarihin Birnin Bakin Kogi Domin Masu Zuwa Karatu

Duk shekara, da zarar an fitar da sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, dubban samari da 'yan mata kan haɗa kayansu su nufi Kaduna. Na Katsina da Kano da Zariya su shigo ta Kawo. Na Kafanchan da Kachiya su shigo ta Sabon Tasha. Na Abuja, idan sun hau jirgin ƙasa, su sauka a Rigasa. 'Yan Birnin Gwari kuwa tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, a bi ta Kuriga da Udawa da Buruku, a wuce Afaka, a faɗo Mando.

Kusan kowane ɗayansu yana tafe da gargaɗin da aka yi masa a gida: ga unguwar da za ka nemi ɗaki, ga wadda ba a zuwa, kuma kada ka yarda dare ya yi maka a tsallaken gada. Iyaye ba su faɗi haka a banza ba, sun ga abin da suka gani. Sai dai ɗalibin da ya riƙe wannan gargaɗi shi kaɗai zai yi shekara huɗu a Kaduna ya koma gida bai san komai ba sai rabin gari. Kogin da a yau ake kallo kamar iyaka tsakanin jama'a biyu, shi ne dalilin da ya sa aka kafa garin tun farko, kuma ya shafe kusan shekara tamanin yana tara mutane kafin a mayar da shi shinge. Wannan tarihi ya kamata mai zuwa karatu ya sani kafin ya sauke jakarsa.

Kogin da sunansa

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, kusa da Vom. Yana tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya zube a Kwara, daura da Pategi a ƙasar Nupe. A hanyarsa yana karɓar ruwan wasu koguna, ciki har da Galma da ta fito daga ƙasar Zazzau, da kuma Mariga, wadda ke bi ta gefen dajin Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. Ita Mariga ba ta ratsa birnin ba, can ƙasa a Jihar Neja take haɗuwa da babban kogin. A kan kogin ne aka gina madatsar Shiroro, wadda ta fara ba da wutar lantarki a 1990, da madatsar Zungeru ta baya-bayan nan. Ke nan wutar da ɗalibi ke karatu da ita da dare, idan an kawo ta, wataƙila ruwan da ya wuce ta ƙarƙashin gadar garin ne ya samar da ita.

Akwai zance biyu game da sunan. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne daga kalmar "kada" aka samo shi, saboda yawan kadojin da ke cikin kogin a wancan zamani, shi ya sa har gobe ake yi wa garin laƙabi da garin kada. Gbagyi kuwa, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna cewa sunan daga wata kalma ce ta harshensu mai nufin kogi. Ba sai an raba gardamar ba kafin a gane abin da take nunawa. Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi ne a warwatse a wannan fili, da rugagen Fulani, a cikin ƙasar da ke ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Ɗan Birnin Gwari da ya iso Kaduna yana iya cewa sunan garinsu da asalin mazauna wannan wuri tushensu ɗaya.

Daga Zungeru zuwa bakin gada

Kano da Katsina da Zariya garuruwa ne masu ganuwa da ƙofofi da jerin sarakuna na ɗaruruwan shekaru. Kaduna ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. An zana ta ne a takarda kafin a aza tubalin farko.

A ranar 1 ga Janairu 1900 Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Bayan ɗan zama a Jebba, sai ya mayar da hedikwatarsa Zungeru a 1902, ita ma a bakin wannan kogi na Kaduna. Daga can aka tsara yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato a 1903. A Zungeru ɗin aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, domin mahaifinsa akawu ne a ofishin Turawa. Amma wurin bai yi wa Turawa daɗi ba: ga zafi, ga sauro, ga nisa da manyan masarautun da suke son sa wa ido.

Jirgin ƙasa ne ya nuna musu inda za su koma. A 1907 aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, ya isa Kano a 1911. Dole dogon ya tsallake Kogin Kaduna, kuma a inda aka yi masa gada ne aka sami tasha da sansanin leburori. Da Lugga ya dawo Nijeriya a 1912, sai ya ga wurin ya haɗa abin da yake nema: ruwan sha da ba ya ƙafewa, fili mai faɗi, jirgi zuwa Kano da Ikko, sannan ba garin wani sarki ba ne balle a yi ta takun saƙa da fada. A 1913 aka fara kwaso sojoji, a 1917 ofisoshin gwamnati suka taso daga Zungeru gaba ɗaya. Lugga ya ma so Kaduna ta zama babban birnin Nijeriya duka bayan haɗewar 1914, amma hakan bai yiwu ba, Ikko ta ci gaba da riƙe matsayinta. Daga baya dogon gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗu da na yamma a kudancin kogin. Kaduna ta zama mararrabar jiragen ƙasar nan.

Garin da kowa baƙo ne

Gari irin wannan sai an kawo masa mutane. Sojoji suka zo daga ƙasar Hausa da Barno da Binuwai. Akawuna da ma'aikatan reluwe suka zo daga ƙasar Yarabawa da ta Ibo, har da Saliyo da Gana. Nufawa suka zo da sana'o'insu, Hausawa suka zo da fatauci da fawa da dako. Turawa suka keɓe wa kansu unguwa mai itatuwa, suka bar fili tsakaninsu da 'yan ƙasa, aka yanka Sabon Gari da Tudun Wada domin sauran jama'a.

Wanda ke son karanta wannan tarihi ba sai ya shiga laburare ba, sunayen titunan tsakiyar gari sun ishe shi: titin Kano, titin Katsina, titin Jos, titin Yarabawa, titin Nupe, layin Legas, layin Ibadan, layin Abeokuta, layin Benin. Haka ma unguwanni. Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa sun faɗi waɗanda suka fara zama a cikinsu. Unguwar Shanu ta faɗi sana'arta. Kabala Costain ta ɗauki sunan kamfanin gine-gine na Turawa. Unguwar Television, can kudu, daga turken talabijin ta samo nata.

A irin wannan cakuɗa aka sami abin da mutanen birane masu ganuwa ke kira zaman bariki, galibi da ɗan raini a bakinsu. Hausa ce ta zama harshen kasuwa da na barikin soja, amma Hausa ce mai sauƙi da ta ari kalmomi daga ko'ina. Yaron da aka haifa a gidan haya a Kaduna kan tashi yana jin harshe uku. Ɗaya daga cikin irin waɗannan yara shi ne Chukwuma Nzeogwu, wanda aka haifa a garin a 1937, har abokansa na soja suka laƙaba masa sunan Kaduna saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa. Za mu sake cin karo da shi.

Hedikwatar Arewa

Shekarun da Kaduna ta fi ƙasaita su ne daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa 1967. A Lugard Hall, ginin nan mai ƙubba wanda yanzu Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama a cikinsa, Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Arewa suka riƙa taro. Sarakuna suka gina masaukai a garin domin zuwa majalisa.

A Kaduna aka yi babban taron farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, lokacin tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Shugabanta na farko shi ne Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko da Arewa ta samar, kuma Kirista ne ɗan Wusasa. Sunansa ne a kan asibitin koyarwa na Barau Dikko, inda ɗaliban likitanci na jami'ar jihar ke koyon aiki a yau. Da yawa daga masu shiga asibitin ba su san cewa ƙungiyar da ta zama jam'iyyar Sardauna, Kirista ne ya fara shugabantarta ba.

Sir Ahmadu Bello ya zama Firimiya a 1954. A 1956 aka yi wa Sarauniya Elizabeth gagarumin hawan daba a Kaduna, a 1959 kuma Jihar Arewa ta sami mulkin kai. A cikin 'yan shekaru aka cika garin da hukumomi. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa, wanda muryarsa ta kai har Nijar da Kamaru da Gana. Ta Rediyon Kaduna mutanen karkara da yawa suka fara jin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos ba tare da sun je inda suke wasa ba, kuma a gidajen watsa labarai na garin ne su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero suka yi suna a wasan kwaikwayo. A shekarar 1962 ɗin aka kafa Jama'atu Nasril Islam. Masallacin Sultan Bello ya zama wurin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, wanda rediyo ke yaɗawa duk watan azumi. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966.

Mako biyu bayan haka, a daren 15 ga Janairu, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka auka wa gidan Firimiya, suka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. A daren kuma aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde a gidajensu a cikin garin. Abin da ya biyo baya a watannin 1966, na kisan 'yan kabilar Ibo a garuruwan Arewa da guduwar dubbansu zuwa gabas, shi ne karo na farko da Kaduna ta ga maƙwabta sun kwashe kaya sun bar ta saboda tsoro. A 1967 aka rarraba Arewa zuwa jihohi shida, Kaduna ta koma hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976, aka kuma cire Katsina daga cikinta a 1987. Duk da haka, har yau idan gwamnonin Arewa ko sarakunanta za su yi taro, Kaduna suke zuwa.

Masaƙun Kakuri

Ofisoshi suna arewacin kogi, masana'antu suna kudu, kusa da mahaɗar jirgi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da wani kamfanin Ingila, domin a riƙa saƙa audugar Funtuwa da Gusau da Zariya a gida maimakon a loda ta zuwa Turai. Wasu masaƙun suka biyo baya, irin su UNTL da Arewa Textiles da Nortex. Aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980.

Dubban ma'aikata ne ke tsallaka gada safe da yamma. Mutumin Tudun Wada ya tafi aiki Kakuri, mutumin Kakuri ya zo ofis ko Babbar Kasuwa. A gaban injin saƙa Bahaushe da Bajju da Tibi da Igala da Bayarabe ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ƙungiyarsu ta ƙwadago ɗaya, kukansu a kan albashi ɗaya. A masaƙar Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya fara aiki yana saurayi, kafin ya zama shugaban ƙwadago na ƙasa, daga baya gwamnan Edo.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amura suka fara taɓarɓarewa. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, noman auduga ya ja baya, atamfar da ake fasa-ƙwaurinta daga Asiya ta cika kasuwa a kan farashi mai rahusa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ratsa Kakuri yau zai ga dogayen gine-gine ciyawa ta cinye harabarsu. Da masaƙun suka mutu, ba albashi kaɗai aka rasa ba. An rasa wurin da ya fi kowane tara mutanen ɓangarorin biyu a kullum.

Yadda kogi ya zama iyaka

Rikici bai faɗo wa Kaduna rana ɗaya ba. An yi na 'yan Maitatsine a Rigasa a 1982. A watan Maris 1987 wata hatsaniya da ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. Ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe wannan: daga harabar makaranta wutar ta tashi. A 1992 rikicin Zangon Kataf ya iso cikin gari.

Wanda ya sauya fasalin birnin shi ne na Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, a kan batun shari'a. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 suka mutu. A Nuwamba 2002 aka sake wani a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutum kusan 250 suka rasa rayukansu, sannan na bayan zaɓen 2011. Bayan kowane rikici, sai waɗanda suka tsira su sayar da gida ko su yi musaya, su koma inda nasu suka fi yawa. Kiristoci da dama suka bar Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka koma Sabon Tasha da Narayi da Romi da Television. Musulmi da dama suka yi akasin haka. Har aka kai wasu na kiran arewacin kogi Makka, kudancinsa Ƙudus.

Rabuwar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba. Akwai Musulmi da masallatai a Barnawa da Kakuri da Nasarawa, manyan majami'u irin su Katidiral na St Joseph da na St Michael suna arewa, kuma barikokin soja da unguwannin ma'aikata a cakuɗe suke. Amma yaran da aka haifa bayan 2000, waɗanda su ne ke shiga jami'a yanzu, da yawansu sun tashi ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

An kuma yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, ɗaya ya rasa hannunsa a rikicin 1992, sun haɗu sun kafa cibiyar sasanci a 1995. Da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addinai 22 suka sa wa hannu a Agusta 2002. Wata uku kacal bayan haka aka sake rikici, wanda ya nuna takarda ita kaɗai ba ta kashe wuta. Gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta tsara kotunan shari'a da na al'ada kowa da nasa, ta ƙirƙiro sababbin masarautu. An kuma ƙara gadoji a kan kogin a shekarun baya-bayan nan, tsallakawa ta fi da sauƙi ga mai niyya.

Garin makarantu

Tun kafin jami'o'i Kaduna ta san ɗalibai. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1921, an dawo da ita nan a 1938 da sunan Kwalejin Kaduna, kafin a mayar da ita Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa. A zamanta na Kaduna ne Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka yi karatu a cikinta.

Kwalejin kimiyya da fasaha da kowa ke kira Kadpoly ta faro ne a 1956 a matsayin makarantar koyon sana'a, ta zama cikakkiyar kwaleji a 1968, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991. Tana da haraba a Tudun Wada da Unguwar Rimi, da kuma Barnawa a tsallaken kogi. Makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA an kafa ta a 1964, yanzu mazauninta na dindindin yana Afaka. Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, an kafa ta a 2004, da haraba a cikin gari da kuma Kafanchan. Ga cibiyar fasaha ta sojan sama, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Rigachikun, ga cibiyar nazarin albarkatun ruwa a Mando. Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana Zariya, tafiyar kilomita 80 ko ƙasa da haka.

Tunda masaƙu sun rufe, waɗannan makarantu da kasuwanni su ne manyan wuraren da suka rage inda ɗan Rigasa da 'yar Narayi za su zauna a benci ɗaya. Aikin da Kakuri ta yi wa kakanni, yanzu ya koma kan ajin lacca da ɗakin kwanan ɗalibai.

Ba za a ɓoye wa iyaye batun tsaro ba, musamman na yamma. Dajin Birnin Gwari, wanda a cikinsa gandun Kamuku yake, wuri ne da aka keɓe tun 1936, aka ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita 1,120 ko kusa da haka. Da an zauna lafiya, nan ɗaliban nazarin tsirrai da namun daji za su riƙa zuwa ganin gwanki da tsuntsaye. Maimakon haka ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru, kuma sharrin ya iso bakin gari. A Maris 2021 aka sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka. A Afrilun shekarar aka kai hari Jami'ar Greenfield a hanyar Abuja, aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da aka kama. A ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja, a Maris 2024 kuma aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga. A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar ta yi sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo hanya. Duk da haka, mai hankali ya yi tafiyarsa da rana, ya kuma tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ya tashi.

Inda ya kamata ka taka

Idan ka sami ranar da babu lacca, fara da Arewa House a titin Rabah. Nan ne gidan Sardauna, inda aka kashe shi. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci mayar da shi cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai laburare da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da kayan marigayin. Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa ma yana cikin garin, kuma a can rahotannin da razdanoni da di'o'i suka rubuta a kan lardunan Arewa suke. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu a kan garinsu, ko Birnin Gwari ne ko Kagoro, zai yi mamakin abin da zai tarar. A titin Ali Akilu akwai gidan kayan tarihi da aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, inda za ka ga sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma a kudancin wannan jiha ƙauyen Nok ɗin yake.

Ka leƙa Dandalin Murtala, ka tuna a Kaduna aka yi hawan daba na bikin FESTAC a 1977. Ka shiga Babbar Kasuwa mai sunan Sheikh Gumi, da Kasuwar Barci, da Panteka, inda maƙera da masu walda ke mayar da tsohon ƙarfe abin amfani, har ɗaliban injiniya kan je can a haɗa musu aikinsu. Mai son adabi ya sa kunne, domin tun 2017 ake shirya bikin littattafai na KABAFEST, tun 2021 kuma aka fara na littattafan Hausa mai suna HIBAF. Idan lokacin baje kolin duniya ya zo, ka bi hanyar Zariya ka kashe ƙwarƙwatar ido.

Kogin da kansa a yi masa ladabi. Da rani yakan janye har duwatsu su fito, masu lambu su shuka kayan miya a gaɓarsa. A Agusta da Satumba kuwa yakan cika ya shiga gidaje, kamar yadda ya yi a 2003. Kafin ka biya kuɗin ɗaki a unguwar da ke kusa da ruwa, ka dubi bango ko akwai alamar inda ambaliya ta tsaya, ka kuma tambayi maƙwabta, kada ka tsaya ga maganar dillali.

A bakin kogin akwai wurin shaƙatawa da ake kira Gamji, mai ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina. A ciki akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Ta girmi duk wani gini na gwamnati a garin. Ka je ka gan ta, sannan ka yi abin da ya fi wannan muhimmanci: idan abokin karatunka na tsallake ya gayyace ka biki ko suna ko gaisuwar rasuwa, ka shiga mota ka je da rana, ka gaida iyayensa, ka ci abin da addininka ya halatta maka, kai ma ka gayyace shi naku. Kakanninku da suka yi aiki a reluwe da masaƙa haka suka zauna, kuma kuɗin motar bai kai na katin waya na mako guda ba.